Tambayoyi da Amsoshi a Kan Lambar Ƙarfin Doki da Na'urar Daino Ke Nunawa ga Motar da Aka Yi wa Ƙari

Masu sha'awar ƙara wa mota ƙarfi suna ta ƙaruwa a birnin Kano, kuma da wuya a zauna hirar mota a gareji ko a bakin shagunan kayan gyara na Ƙofar Ruwa ba a ji wani ya ce tasa ta kai doki kaza ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi maimaitawa game da wannan lamba, da inda take fitowa, da irin nauyin da ya kamata mai mota ya ɗora mata.

Mece ce daino, kuma me take aunawa?

Daino gajeren suna ne na dainamomita, wato na'urar da ake auna ƙarfin inji da ita. Iri biyu ne manya. Akwai wadda ake cire injin daga mota a ɗaura shi a kanta kai tsaye, kuma da ita kamfanonin ƙera motoci suke samun lambar da suke rubutawa a takardar mota. Akwai kuma wadda ake hawa da motar gaba ɗaya a kan wasu manyan ganguna na ƙarfe, a ɗaure ta da igiyoyi masu ƙarfi, direba ya saka giya ɗaya ya take totur har ƙasa, tayoyin su riƙa juya gangunan, kwamfuta kuma tana lissafi. Wannan ta biyun ita ce kusan kowa yake nufi idan ya ce an gwada motarsa, kuma ƙarfin da ya iso taya take aunawa, bayan giyabos da sauran sassa sun ci rabonsu.

Me ake nufi da ƙarfin doki, kuma mene ne bambancinsa da ƙarfin murɗa?

James Watt, injiniyan nan na ƙasar Sikotlan, shi ne ya yaɗa wannan ma'auni a ƙarshen ƙarni na 18, domin ya nuna wa masu sayen injinansa na tururi yawan dawakin da inji ɗaya zai maye gurbinsu. Doki ɗaya a lissafin Ingila da Amurka ya yi daidai da wat 745.7, na Turai da Japan kuwa, wanda ake rubutawa PS, wat 735.5 ne, don haka tun daga sunan ma'aunin akwai ɗan saɓani.

Ƙarfin murɗa shi ne ƙarfin da injin yake murɗa sandarsa da shi a kowane lokaci, kuma shi ne abin da direba yake ji yana tura bayansa jikin kujera idan ya take totur. Ƙarfin doki kuwa lissafi ne da ake samu idan aka ninka ƙarfin murɗa da yawan juyin da injin yake yi a minti ɗaya, sannan aka raba da wata tsayayyiyar lamba. Injin da ke ba da ƙarfin murɗa na Nm 300 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗa) a juyi 3,000 yana samar da doki kusan 126, amma idan ya iya riƙe wannan Nm 300 ɗin har juyi 6,000, dokinsa ya zama kusan 253. Wannan shi ya sa babbar lambar doki ta fi zama a can saman juyi, inda allurar ta kusa jan layi, wurin da mai tuƙi a cikin gari ba ya yawan zuwa.

Takardar motata ta ce doki 268, amma daino ta nuna 225. Injina ya mutu ke nan?

Ba lallai ba ne. Toyota Camry mai silinda shida ta shekarar 2007, wadda ake kira Muscle a kasuwar motocinmu, kamfani ya rubuta mata doki 268, amma a jikin inji aka auna wannan lambar. Kafin ƙarfin ya iso ƙasa sai ya bi ta giyabos da sandunan da ke juya tayoyi da su kansu tayoyin, kuma kowane sashe yana cinye wani abu ya mayar da shi zafi. Masu wannan sana'a sukan ƙiyasta asarar da kusan kashi 15 cikin ɗari ga motar da tayoyi biyu ke ja, wadda tayoyi huɗu ke ja kuwa takan kai kashi 20 ko fiye. Saboda haka lambar da ta faɗa tsakanin 220 da 230 a taya alama ce ta cewa injin wannan Camry yana nan da lafiyarsa.

Inda ake samun ruɗani shi ne wajen mayar da lissafin baya. Wani zai samu 225 a taya, sai ya ƙara kashi 25 cikin ɗari daga kansa, ya shiga majalisa ya ce motarsa ta haura 280. Kason asarar ƙiyasi ne kawai, na'urar ba ta auna shi ba, don haka duk wanda ya faɗa maka lamba, abu na farko da za ka tambaye shi shi ne ko ta taya ce ko ta inji.

Me ya sa mota ɗaya take ba da lamba daban a kan na'urori daban?

Na'urorin ba hanya ɗaya suke bi ba. Sanannen samfurin kamfanin Dynojet yana lissafa ƙarfi ne daga saurin da tayoyi suka iya hanzarta ganga mai nauyin da aka sani. Na kamfanin Mustang yana da birkin lantarki da ke danne motar domin ya kwaikwayi nauyin titi, kuma sanannen abu ne a tsakanin masu gyara cewa lambarsa takan fito ƙasa da ta Dynojet a kan mota ɗaya. Na Dynapack kuwa cire tayoyin ake yi a ɗaura na'urar a mazaunin taya, don haka asarar da taya ke jawowa ba ta shiga lissafinsa.

Ko a kan na'ura ɗaya ma, abubuwa da yawa suna motsa lambar: iskar da ke cikin taya, yadda aka tsananta igiyoyin ɗauri, giyar da aka yi gwajin da ita, zafin baƙin mai, da girman fankar da aka ajiye a gaban motar. Idan taya ta ɗan zame a kan ganga, lambar ta sauka. Idan an yi gwaji uku a jere ba tare da an bar injin ya huce ba, na ukun yakan fito ƙasa da na farko. Bambancin doki uku ko biyar tsakanin gwaji da gwaji abu ne da aka saba gani, kuma wanda ya biya kuɗi mai yawa ya sayi wani sashe, aka nuna masa ƙarin doki huɗu, yana da haƙƙin ya nemi a maimaita gwajin sau da yawa kafin ya yi murna.

Yanayin Kano yana shafar ƙarfin mota?

Ƙwarai kuwa, kuma wannan ne ɓangaren da masu kallon bidiyon gwaji daga Ingila ko Jamus suke yawan mantawa da shi. Inji iska yake shaƙa ya haɗa da fetur ya ƙona, kuma yawan ƙarfin da zai bayar ya dogara ne da nauyin iskar da ta shiga silinda. Birnin Kano yana kan tudun da ya kai kusan mita 480 sama da teku, kuma injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, yakan rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau. Tun kafin a yi maganar zafi, motar da aka taho da ita daga Legas ta riga ta bar wani abu a hanya. Idan aka haɗa da zafin watan Afrilu, lokacin da ma'auni yake kai digiri 40 da rana, iskar ta ƙara yin sako-sako, jimillar asarar kuma takan kai kashi bakwai ko takwas cikin ɗari. Motar da ke da doki 200 a takarda tana iya zama mai 185 da azahar a titin Zariya, sannan ta farfaɗo da asubahin hunturu, wanda shi ne dalilin da direbobi da yawa suke cewa motarsu ta fi ja a watan Disamba da Janairu. Sai dai hunturun yana zuwa da ƙurarsa, matatar iska kuma tana toshewa da wuri, don haka abin da sanyi ya bayar ƙura tana iya karɓewa idan ba a kula ba.

Domin a daidaita irin wannan bambanci ne kwamfutar daino take gyara lambar, ta mayar da ita kamar an yi gwajin a wani yanayi da aka amince da shi. Ma'aunin SAE J1349 na Amurka yana ɗaukar zafin digiri 25, na DIN 70020 na Jamus yana ɗaukar digiri 20, akwai kuma wanda ake rubutawa STD da ke ɗaukar iska mai sanyi fiye da haka, kuma lambarsa takan fi ta SAE da kusan kashi 4 cikin ɗari. Motar da ta ba da 300 a SAE za ta zama kusan 312 a STD ba tare da an taɓa ko ƙusa ɗaya ba, maɓalli kawai aka danna. Ga motar turbo ma lamarin ya fi haka rikitarwa, domin turbo da kansa yana cike wani ɓangare na giɓin da tudu ya haifar, sai kwamfuta ta sake ƙara mata gyaran da aka tsara domin inji marar turbo, lambar ta kumbura fiye da gaskiya. Saboda haka a duba ƙasan takardar gwaji, a ga wane ma'auni aka zaɓa da zafin da aka rubuta na wannan rana.

To idan haka ne, gwajin daino yana da amfani kuwa?

Yana da amfani babba, matuƙar an ɗauke shi a matsayin mudun awo guda da ake auna hatsi da shi kafin da bayan aiki. Hanyar da ta dace ita ce a gwada motar tun ba a taɓa ta ba, a ajiye takardar, a yi aikin, sannan a komo kan wannan na'urar, da wannan giyar, da fetur iri ɗaya, kuma a lokacin da zafin gari bai yi nisa da na ranar farko ba. Idan ta tashi daga 180 zuwa 215, wannan ƙarin 35 ɗin shi ne abin da kuɗinka ya saya, ko da wata na'urar za ta kira lambobin 195 da 232. Kwatanta takardarka da ta wani da ya yi gwaji a wata ƙasa, a kan wata na'ura, da wani fetur, kamar kwatanta tiyar kasuwar Dawanau ce da ta wani ƙauye ba tare da an jera su wuri ɗaya ba.

Amfani na biyu, wanda a ganina ya fi na farko, shi ne damar da mai saita burenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, yake samu ya ga abin da ke faruwa a cikin injin yayin da yake aiki da iyakar ƙarfinsa, motar kuma tana ɗaure a wuri ɗaya, babu ɗan adaidaita sahu da zai shigo gabansa.

Mene ne ya kamata in duba a takardar gwajin bayan babbar lambar?

Da farko a dubi siffar layin. Takardar tana nuna ƙarfin murɗa da ƙarfin doki tun daga ƙananan juyi har zuwa sama, kuma babbar lambar da ake alfahari da ita ɗigo ɗaya ce kawai a kan wannan layin. A ɗauki motoci biyu, ɗaya mai doki 300 da aka saka wa turbo babba wanda ba ya farkawa sai juyi ya kai 5,000, ɗayar kuma mai doki 260 da ƙarfin murɗarta yake cika tun daga juyi 2,000 ya miƙe a haka. Wanda yake fita daga danjar Dangi, ko yake son wuce tirela a hanyar Wudil kafin wata ta ɓullo, zai fi samun biyan buƙata a ta biyun, domin tsakanin juyi 2,000 da 4,000 yake rayuwarsa ta tuƙi. Akwai sassan da ke ƙara doki goma a sama amma su rage ƙarfi a tsakiya, kuma mai motar yakan fito da takarda mai daɗin nunawa da mota mai nauyin tashi.

Na biyu, a dubi santsin layin. Idan yana hawa da sauka kamar haƙoran zarto a saman juyi, sau da yawa alama ce ta cewa burenbos yana jin fetur yana fashewa kafin lokacinsa, yana ja da wutar filogi baya domin ya ceci injin. Na uku kuma shi ne ma'aunin haɗin iska da fetur. A tafiyar yau da kullum inji yana aiki da kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur, amma idan aka take totur har ƙasa ana son fetur ya ƙaru, wato kason iskar ya sauka zuwa wajen 12.5 ko 13 ga inji marar turbo, da wajen 11.5 zuwa 12 ga mai turbo, domin ƙarin man yana sanyaya silinda. Ana iya matso 'yan dawakai ta hanyar rage man, lambar ta yi kyau a takarda, amma fistin ne yake biyan kuɗin daga baya.

Na sayi saitin burenbos daga waje, an ce zai ƙara doki 50. Zan samu hakan a Kano?

Sai an duba fetur ɗin da aka rubuta saitin dominsa, musamman oktan ɗinsa, wato ma'aunin yadda fetur yake jure matsi ba tare da ya fashe kafin lokacinsa ba. Yawancin irin waɗannan alƙawura an gina su ne a kan fetur mai oktan 95 ko 98 na Turai, ko 93 na Amurka, wanda a lissafin Turai ya kusa 98, alhali mafi ƙarancin ma'aunin da aka gindaya wa fetur a Najeriya shi ne 91 a lissafin Turai. Wanda kuma yake shan mai a hannun 'yan bumburutu ba shi da tabbacin abin da ke cikin jarkar. Idan aka haɗa fetur mai ƙarancin oktan da zafin bazara da turbo da aka ƙara wa matsi, burenbos mai lafiya zai riƙa janye ƙarfin da kansa, sai ka ga dokin 50 ya koma 25. Idan kuwa mai saitin ya rage wannan kariyar domin lamba ta fito, to ranar da injin zai buga ba ta da nisa. Abin da ya fi dacewa shi ne a nemi saitin da aka yi domin oktan 91, a yarda da ƙaramar lamba, a yi gwajin da man gidan man da aka saba sha.

Canza salansa ko cire indomi yana ƙara doki?

A injin da ba shi da turbo, canza tukunyar salansa ta baya ƙara take ƙarawa sosai, doki kuwa kaɗan ne ko babu, kunne ne yake yaudarar mai motar. Cire matatar hayaƙi da makanikai suke kira indomi yakan taimaka ne idan da ma ta toshe. Idan lafiyarta ƙalau, abin da za a samu bai taka kara ya karya ba, ga hayaƙi mai guba da ake ƙara wa unguwa, ga fitilar inji da za ta kunnu a gaban direba. Motar turbo ta fi amfana da faɗaɗa bututun hayaƙi, amma sai an haɗa da sabon saiti.

Ƙarin doki yana nufin mota za ta fi gudu daidai gwargwadon ƙarin?

A'a. Game da iyakar gudu, ƙarfin da ake buƙata domin keta iska yana ƙaruwa ne da sauri fiye da gudun, wato idan gudu ya ninka biyu ƙarfin da ake buƙata sai ya ninka takwas, don haka ƙarin doki kashi 10 cikin ɗari ba ya ƙara wa iyakar gudu fiye da kusan kashi 3. Motar da ke tsayawa a kilomita 200 za ta koma wajen 206. Wannan ma magana ce ta filin tsere, domin dokar hanya ta Najeriya ta tsayar da motar gida a kilomita 100 a babbar hanya mai tagwayen layi, da 50 a cikin gari.

Game da tashi kuwa, nauyi yana da tasiri kamar na doki. Mota mai kilo 1,500 da doki 200, kowane doki yana jan kilo 7.5. Idan mutum huɗu masu kilo 70 suka shiga, nauyin ya zama 1,780, kuma sai ta samu doki kusan 237 kafin ta tashi kamar da. Fasinjoji huɗu sun cinye abin da wani ya kashe dukiya yana nema. Bayan nauyi akwai taya: motar da tayoyin gaba ke ja, idan aka ɗora mata doki 300 a kan tayoyin gwanjo da kwalta mai yashi, juyawa kawai za su yi a wuri ɗaya, wadda ba ta kai ta doki ba ta wuce ta bar ta. Saurin canza giya da tsarin giyoyin su ma suna shiga lissafin, kuma daino ba ta nuna ko ɗaya daga cikinsu a babbar lambarta.

Lambar kamfani fa, ita abin dogaro ce?

Ta fi ta gareji tsari, amma ita ma tana da tarihinta. A shekarar 1972 kamfanonin Amurka suka koma auna inji da dukkan kayansa a jiki, kamar matatar iska da cikakkiyar salansa, sai lambobi suka faɗi a takarda fiye da yadda injinan suka canza. A Japan kuma, daga wajen 1989 zuwa 2004, kamfanoni sun yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa ba za su rubuta wa motar da ake sayarwa a cikin ƙasar fiye da PS 280 ba, ko da wasu motocin sun wuce hakan a zahiri. Sannan lambar kamfani ta sabon inji ce. Motar Beljiyam da ta yi shekara 15 tana aiki kafin ta iso hannunka tana iya rasa wani abu saboda gajiyar filogi da dattin nozul da lalacewar zoben fistin, kuma gyara waɗannan yakan dawo da dawakin da suka ɓace da kuɗi kaɗan.

Idan ban samu damar kai motata kan daino ba, ta yaya zan san aikin ya yi?

Akwai ƙananan na'urori masu aiki da tauraron ɗan'adam, irin su Dragy, da ake haɗawa da waya, suna auna daƙiƙun da mota ta ɗauka daga wani gudu zuwa wani. Auna tashi daga kilomita 60 zuwa 100 a giya ɗaya, a wuri ɗaya, da nauyi ɗaya, kafin aiki da bayansa, yana ba da amsa mai ma'ana, kuma bai kamata a yi shi a titin da jama'a ke tsallakawa ba. Haka kuma motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da soket na OBD2 a ƙarƙashin sitiyari, wanda ƙaramar na'ura za ta iya karanta zafin iskar da ke shiga inji da zafin ruwa da lokacin wutar filogi yayin da motar ke tafiya.

Me ya kamata in gyara kafin in fara neman ƙarin doki?

Sanyaya inji ne kan gaba, domin kowane doki da aka ƙara zafi ne aka ƙara. Lagireto ya zama mai tsafta, a zuba masa ruwan sanyaya inji na ainihi maimakon ruwan rijiya da ke tara tsatsa, fankoki su riƙa tashi a kan lokaci. Al'adar cire tamostat (bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji) da haɗa fanka kai tsaye, wadda ta zama ruwan dare a garejojinmu, tana hana inji kaiwa zafin da aka tsara masa, burenbos ya riƙa ƙara mai yana zaton injin bai ɗumama ba, kuma duk saitin da aka yi a kan irin wannan inji an gina shi ne a kan karkataccen tushe. Ga motar turbo, na'urar sanyaya iskar turbo ita ce ke bambanta motar da ke ba da dokinta sau ɗaya a gaban fanka da wadda za ta ci gaba da ba da shi bayan ta yi rabin awa a cunkoson Kantin Kwari. Daga nan sai birki da tayoyi, sannan a tambayi wanda ya san samfurin motar iyakar ƙarfin murɗar da giyabos ɗinta da kulocinta suke iya ɗauka, domin a motoci da yawa su ne suke fara sarewa kafin inji.